Jan layin kwamfuta a ƙarƙashin "colour": wa abin ya taɓa faruwa da shi?

Maman Ilham, Gwammaja:
Salamu alaikum jama'a. 'Yata tana aji biyu na babbar sakandare, an ba su aikin gida na insha'i da Turanci, ta buga a kwamfutar babanta. Duk inda ta rubuta "colour", "neighbour" ko "centre" sai jan layi ya fito a ƙasa. Ta bi shawarar na'urar ta mayar da su "color", "neighbor" da "center". Malamarsu kuma ta zagaye su da jan biro ta rage mata maki. Yanzu yarinya ta tsare ni da tambaya: malama za ta bi ko kwamfuta? Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya ba mu labari.

Mai Taifin na Kabuga:
Hajiya, mu wannan ai abincinmu ne na kullum, musamman lokacin da ɗalibai ke kawo firojet. Yawancin kwamfutocin da ake kawo mana na hannu ne, kuma da saitin Turancin Amurka suke zuwa. Akwai ɗalibin da malaminsa ya dawo masa da babi guda, don a shafi ɗaya ya rubuta "labour", a na gaba "labor". Malamin bai ce ɗaya kuskure ne ba, cewa ya yi ya tsaya a gida ɗaya. Gyaran ba wuya: a Word a danna Ctrl da A don a zaɓi rubutun gaba ɗaya, a shiga Review, sai Language, a zaɓi Turancin Birtaniya. Jan layin zai bar "colour" ya koma kan "color".

Malam Tsoho, Yakasai:
'Yata, na koyar da Turanci har na yi ritaya, kuma kafin zuwan kwamfuta ba mu san wannan rigimar ba, saboda littattafanmu duk na tsarin Ingila ne. Ki gaya wa jikata duka rubutun biyu daidai ne, kowanne a garinsu. Asalin "colour" Latin ce, kuma a can "color" ake rubutawa. Ta shigo Turanci ta hanyar Faransanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, daga nan ta samo harafin u. An daɗe kowa yana rubuta yadda ya ga dama, har Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a Landan a 1755, mutanen Ingila suka fi karkata ga tsarinsa. A Amurka kuwa Noah Webster ne ya ga ƙasar da ta sami 'yancin kai ta cancanci rubutunta na kanta mai sauƙi. Babban ƙamusunsa na 1828 ya tabbatar da "color", "center" da "defense". Ba duk abin da ya kawo aka karɓa ba: ya so a riƙa rubuta "tongue" a matsayin "tung", Amurkawan da kansu suka ƙi. Amma ni da malamar zan yi magana: ya kamata ta bayyana wa yara dalili kafin ta ɗauki jan biro. Rage maki ba tare da bayani ba shi ke sa yaro ya tsani darasin.

Anti Nas, Hotoro:
Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya. Mu a aikin jinya abin ya fi haka yawa. A makaranta "anaemia", "diarrhoea" da "paediatrics" aka koya mana, amma in ka duba intanet ko littattafan Amurka sai ka ga "anemia", "diarrhea", "pediatrics". Da nake shirin jarrabawar IELTS ta gwajin iya Turanci hankalina ya tashi, sai na tarar suna karɓar kowanne daga cikin biyun. Na riƙe na Ingila tunda shi hannuna ya saba.

Ɗan Sabon Gari:
Ni allon shago nake rubutawa. Kwastoma ya ce in sa masa "Business Center", maƙwabcinsa ya zo yana cewa kuskure ne, ai ga Farm Centre can da "re" ake rubuta ta. Suka yi ta musu ina riƙe da burushi. Wanda zai biya kuɗin fenti na bi. Mu dai da Hausa kala ce, taya ce, ba ruwanmu da "tyre" ko "tire".

Yaya Babba, Rijiyar Zaki:
Malam, ina da ƙari kan abin da ya same ni wajen rubuta digiri na biyu. Wani cikin masu duba aikin ya ja layi a kan "organize" da "realize", wai na Amurka ne. Na ɗauko ƙamusun Oxford na nuna masa cikin ladabi cewa su ma da z suke fara kawo su, don asalin ɗafin daga Girkanci yake. Ya amince, da sharaɗin kada in cakuɗa. Sai dai a kula, "advertise" da "surprise" da s suke ko'ina, "analyse" kuma a Ingila ba ta ɗaukar z. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne "practice" da "practise": a tsarin Ingila mai c suna ce, mai s aikatau, haka ma "licence" da "license". Kwamfuta ba kullum take kama wannan ba, tunda duka biyun kalmomi ne.

Auta:
Yaya, ni wayata har "Kannywood" take ja wa layi, alhali ƙamusun Oxford ya shigar da ita tun Janairun 2020 tare da "okada" da "danfo". Sunana ma kuskure take ɗaukarsa.

Maman Ilham, Gwammaja:
Na gode ƙwarai. Mai Taifin, babanta ya canza saitin yanzu, layin ya ɓace. Baba Malam, na karanta mata bayaninka, ta ce in tambaye ka: me ya sa littafinsu na kwamfuta ya rubuta "program", takardar bikin makaranta kuma "programme"?

Malam Tsoho, Yakasai:
Ki ce mata a Ingila ma in ana maganar kwamfuta "program" ake rubutawa. Shirin rediyo ko tsarin taro shi ne "programme". Littafin da takardar duk ba su yi kuskure ba.