Ƙanena ya daina magana saboda maki 3 bisa 10

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara. Ƙanena shekararsa 16, yana lise, wato makarantar sakandare, a hannuna yake tun rasuwar babanmu. Ni na sai mishi salula jaka 45 da kuɗin adashena, har maigidana ya yi ta faɗa. Ran babbar salla ya ɗau hoto da sabuwar shaddarsa ya sa a TikTok. 'Yan ajinsu suka rubuta mishi "face card declined", wani ya ba shi 3 bisa 10. Tun ranar yaron nan ya canza. Harshe manne a ganda, baki rufe, in na kira shi sai ya ɗora yatsa a leɓe ya shafa muƙamuƙi. Fura ma ya daina sha, wai tana kumbura kumatu. Yaya zan yi?

Malamin lise: Ƙanwata, kullum ina gani a aji. Nufinsu fuska kamar katin banki ce, mai kyau katinsa ba ya ƙin biya, shi kuma wai nasa ya ƙi. Manne harshen "mewing" suke ce mishi, daga sunan John Mew, likitan haƙora na Ingila. Babu hujjar cewa yana gyara ƙashin fuska. Ɗansa Mike Mew da ya yaɗa abin a YouTube, an soke mishi izinin aiki a 2024. Karɓe salular yau ɗin nan.

Tanti daga unguwar Zariya: Wayyo ɗiyata. Ni tawa ɗiyar man ƙara hasken fata take shafawa a ɓoye, fuska ta yi ja, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin. Uban kuma ni yake ɗora ma laifi, shi da ba ya zaman gida.

Ɗaliba a jami'a: Kada ki karɓe, Yaya. Na abokai zai ara, kuma ya daina gaya miki komai. Lallashe shi ki ji wa ya fara zagin.

Malamin lise: Lallashin nan shi ya ɓata su. Daga harshe wasu ke wucewa ga dukan ƙashin fuska da abu mai tauri. Ki karɓe na ce.

Mai tambaya: Malam, a WhatsApp ake turo musu darasi, in na karɓe da me zai yi karatu? Kuma ban ɓata shi ba, maraya ne, ban so ya ga na wasu ya rasa.

Tanti daga unguwar Zariya: To shi maigidan naki me ya ce?

Mai tambaya: Ban gaya mishi ba. Yanzu ma yaron yana ɗaki gaban madubi, tuwonsa ya huce a kwano.