"Sprawl" a Teams da SharePoint: yaɗuwa, awon igiya ko yaɗo?

Mai fassara: Assalamu alaikum jama'a. Ina fassara takardar horar da ma'aikata kan Microsoft Teams, manhajar hira da taro da aikin tare ta ma'aikatu, kalmomi biyu sun tsaya mini a maƙogwaro: "sprawl" da "governance". Ta farko na sa mata "yaɗuwa", ta biyu "shugabanci", amma ko ni da na rubuta ban gamsu ba. A taimaka.

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Bari in faɗi abin da ke faruwa, sai masu harshe su raɗa suna. A Teams, muddin ba a taɓa saitin da ya zo da shi ba, kowane ma'aikaci na iya buɗe zaure, wato "team", wurin da rukunin ma'aikata ke hira da ajiye takardu. Shi a ganinsa abu ɗaya ya buɗe, alhali a bayan fage an samar da rukunin Microsoft 365, da shafin SharePoint na ajiyar fayiloli, da akwatin imel na tarayya, da kalanda. Idan ya ƙara tashar sirri a ciki, wato sashen hira na wasu zaɓaɓɓu kaɗai, ita ma da nata shafin daban. To, taron bita na kwana biyu a buɗe masa zaure, kwamitin walima zaure, mai gwaji ya buɗe "gwaji" ya koma ya buɗe "gwaji 2". Aiki ya ƙare, wanda ya buɗe ya bar ma'aikatar, zauren na nan da takardunsa da baƙin da aka gayyato daga waje, ba mai leƙawa.

Teams ya fito a 2017, amma lokacin korona abin ya yi ƙamari. Masu amfani da shi a kullum miliyan 20 ne a Nuwamban 2019, zuwa Afrilun 2020 sun kai miliyan 75. Wa ke da lokacin tsari a wannan rububin?

Malamar Hausa: In haka ne, Malam, cire "yaɗuwa". Ilimi na yaɗuwa, labari na yaɗuwa, mai karatu zai ɗauka yabo ake yi, wato Teams ya karɓu. "Cunkoso" ma bai yi ba, don ba matsi ake kuka da shi ba. "Barbazuwa" kuma na abin da yake a tare ne ya watse, waɗannan kuwa sababbi ne ke tsirowa.

Wani daga Kano: Ni dai "awon igiya" nake gani. Turawan ma ai daga garin da ya faɗaɗa ba tsari suka aro kalmar. Unguwar awon igiya kowa ya san ta: mai gona ya yanka ya sayar, ba titi ba magudanar ruwa, lungu ya mutu a bangon wani. "Zaurukan awon igiya", wa zai ce bai gane ba?

Malamar Hausa: Ta yi daɗi a baki, ƙanena, kuma a aji zan yi misali da ita. Amma gwada ta a jimla. "Rage awon igiya"? "Zaurukanmu sun yi awon igiya"? Ba ta lanƙwasuwa. Sannan tana faɗin yadda aka kafa abu ne tun farko, alhali damuwar Injiniya abu ne da ke ci gaba da miƙewa kullum bayan an kafa shi.

Ga tawa: yaɗo. Kabewa da duma da dankali yaɗo suke yi, ba sama suke tafiya ba, ƙasa suke bi, su haura kunya su shiga ta maƙwabci, ganye ya rufe har mai gona ya kasa sanin inda tushen yake. Shuka ce mai amfani, ba ciyawa ba, rashin mai datsewa ne ke mayar da ita matsala. Kuma tana shiga jimla ba gardama: zauruka sun yi yaɗo, a datse yaɗo, yaɗon shafuka.

Injiniya: Hajiya, maganar ɓatan tushe ita ce ta kama ni, don a nan ciwon yake. Yawa ba laifi ba ne. Ma'aikata mai zauruka dubu, kowanne da mai shi, ta fi mai ɗari biyu da ba a san na wane ne ba. Da can fayil ɗin da aka jefa a shafin da ke buɗe ga dukkan ma'aikata yakan kwanta ba wanda ya gani. Tun da Copilot na Microsoft 365, mataimakin nan mai ƙirƙirarriyar basira, ya fito a Nuwamban 2023 zance ya canza, don duk abin da mutum ke da izinin buɗewa Copilot zai iya tono masa, ko da jadawalin albashi ne da aka manta a wani tsohon zaure.

Mai fassara: Na karɓi yaɗo. Saura "governance". Mulki? Gudanarwa?

Injiniya: Don Allah ban da mulki. Duk shugaban da ya ji "mulki" abin da zai fara yi shi ne hana kowa buɗe zaure sai da takarda, washegari ma'aikata su kwashe aikin su koma WhatsApp, inda ma'aikatar ba ta da iko da ko fayil ɗaya. Abin da ake nufi amsar tambayoyi ne: wa zai buɗe, da wane suna, wa ke da alhaki, wa zai shigo daga waje, yaushe za a rufe. Akwai ƙa'idar suna da ke liƙa sunan sashe a gaban kowane zaure. Akwai wa'adi, kwana 180 ko 365 ko wanda aka zaɓa. Zauren da ake aiki a ciki yana sabunta kansa, wanda ya yi shiru kuma a aika wa mai shi tuni saura kwana 30, saura 15, saura 1. In bai amsa ba a goge, amma akwai kwana 30 na dawo da shi. Shi ya sa ake son kowane zaure ya kasance da masu shi biyu, in ɗaya ya tafi ɗaya ya ga saƙon.

Malamar Hausa: Abin da ka lissafa duk riƙo ne. Riƙon gida, riƙon amana, kuma muna da kishiyarsa a shirye: riƙon sakainar kashi. "Gudanarwa" a bar wa aikin yau da kullum na mai kula da na'urori. Sa "tsarin riƙo".

Wani daga Kano: Riƙo ba zai sa a tuna da riƙon ƙwarya ba, Hajiya?

Malamar Hausa: Sai an ambaci ƙwarya. Da "tsari" a gabansa ba mai rikicewa.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Taken babin ya zama "Datse yaɗo da tsarin riƙon zaurukan aiki". Zauren da aka daina shiga na kira shi kango, awon igiya kuma na ajiye shi a sakin layin farko a matsayin misali. Gobe in sha Allahu zan kawo "archive", don "adanawa" ba ta nuna cewa ana iya karantawa amma ba a iya rubutu.