Me ke sa mai zane ya zana abin da ido bai taɓa gani ba?

Hauwa'u:
Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana harkar zane. Akwai zanen Salvador Dalí, mai zane ɗan ƙasar Sifen, na 1931 wanda ke nuna agogunan aljihu sun narke, ɗaya na reto a reshen busasshen itace, tururuwa kuma sun yanyame wani. Duk wanda ya dubi duwatsun bakin tekun da ke cikin hoton zai san mutumin ya ƙware a sana'arsa. To, me zai sa mai irin wannan baiwa ya bar duniyar da kowa ya sani, ya koma zana abin da hankali ba zai ɗauka ba? Akwai manufa a ciki, ko neman suna ne kawai?

Malam Sabo:
Wa alaikumus salam, Malama Hauwa'u. Tushen abin yana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya. André Breton, marubuci ɗan Faransa wanda ya jagoranci tafiyar marubuta da masu irin wannan zane da ake kira Surrealism, ɗalibin likitanci ne da ya yi aiki a 1916 a wani asibitin Faransa mai kula da sojojin da yaƙi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, kuma a lokacin ne ya ƙulla alaƙa da ra'ayoyin Sigmund Freud, masanin halayyar ɗan Adam, kan mafarki da abubuwan da zuciya ke binnewa ba da sanin mai ita ba. A 1924 ya fitar da sanarwar manufofinsu a Paris. Hujjarsu ita ce, tun da masu ilimi da tsari da lissafi ne suka jefa Turai cikin kisan miliyoyin mutane, to bai kamata a sakar wa hankali ragama shi kaɗai ba. Shi ya sa suka nemi dabarun kauce masa. Wasu kan saki hannu ya yi ta zane ba tare da tsayawa tunani ba. Max Ernst kuwa, mai zane ɗan Jamus, a 1925, ya riƙa shimfiɗa takarda a kan tsohon katakon daɓen ɗaki yana goga fensir, sannan ya bi sifofin da suka fito har su zama dazuzzuka da tsuntsaye.

Aminu:
Malam Sabo ya yi bayani mai gamsarwa, amma zargin Malama Hauwa'u ma yana da ƙamshin gaskiya. Dalí ya taɓa gabatar da lacca a Landan a 1936 sanye da kayan masu nutso a teku, har numfashinsa ya kusa ɗaukewa, kuma abokan tafiyarsa sun raba gari da shi, Breton na zarginsa da son kuɗi. A ganina René Magritte na Beljiyam ya fi shi zurfi. A 1929 ya zana lofen shan taba sak, ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa wannan ba lofe ba ne, kuma gaskiyarsa, domin babu wanda zai iya zuba taba a cikin hoto. Burinsa mai kallo ya fara shakkar abin da ya saba ɗauka tabbas.

Hajiya Binta:
Kada a manta da waɗanda ciwo ne ya kai su. Frida Kahlo ta Meziko ta yi mummunan haɗarin mota a 1925 tana da shekara 18, ta sha tiyata iri-iri har ƙarshen rayuwarta. A 1944 ta zana kanta da ƙirji a tsage, karyayyen ginshiƙin gini a madadin ƙashin bayanta, ƙusoshi sun soke ta ko'ina. Breton ya ziyarci Meziko a 1938 ya ƙirga ta cikin nasu, amma ita ta ƙi, ta ce ba mafarki take zanawa ba, halin da take ciki ne. Don haka, 'yar'uwa, idan kika sake cin karo da irin wannan zane, ki fara bincika shekarar da aka yi shi da halin da mai shi yake ciki a lokacin.