Jatan Landen Qi Baishi: Musayar Baitoci

Malam Mai Tawada:
Ku matso 'yan'uwa, ga batu na kawo kusa,
Na Qi Baishi, ɗan manoman Xiangtan, can Sin da nesa.
A 1864 aka haife shi, garma ta fi ƙarfinsa,
Sai aka kai shi wajen kafinta, sassaƙa ta zam abincinsa.
Furen da yake fitarwa a katako shi ya horar da hannunsa.
To jatan landen nan da ya zana, har duniya ta san shi a kansa,
Ta yaya baƙar tawada ke nuna haske na ratsa jikinsa?

Hajiya Mai Zane:
Malam, daga takarda ake farawa,
Ɗanyar takardar Xuan ta lardin Anhui, mai saurin tsotsewa,
Ɓawon itace da karan shinkafa ake haɗawa.
Tawadarmu da ƙaro ake ɗaurewa,
Tasu kunkunniya ce da danƙon fata, a yi sanda, a bar ta bushewa.
A niƙa ta a dutse da ɗan ruwa, hannu na kewayawa.
Wadda ta kwana a zubar: danƙo ya saki, sai gudaji da dusashewa.

Ɗan Autan Zaure:
Hajiya, na ƙirga ƙafafun ciki, biyar na gani,
Na ruwa goma gare shi. Ko tsoho ya yi mantuwa ne, ku sanar da ni?

Malam Mai Tawada:
Auta, wanda ya ajiye su da rai a kwano ba ya mantawa,
Goma ya fara, ya koma takwas, ya koma shida, yana ragewa,
Ya tsaya a biyar, don cunkoso na hana ido ganin iyo da zillewa.
Ga aikin: burushin gashin akuya, tawada tsarara, marar kaurarawa.
Gaɓa biyar na jiki, dannawa ɗaya kowace, ba komawa,
Kowace ta fi ta gabanta ƙanƙanta har wutsiya, baya na lanƙwasawa.
Kai na da danshi, sai baƙa ƙirin a tsakiya, a bar ta tana narkewa.
Ka yi gaggawa, ta malale, kan ya zam taɓo;
Ka makara, ta zauna bisa busasshe kamar tabo.
Ido biyu, gajeren layi a kwance, sai an bushe ake sawa.
Ruwan kuwa ko ɗigo bai zana ba, farar takarda ke ɗaukewa.

Hajiya Mai Zane:
Gashin bakin nan dogo, Malam, ai rubutu ne tsantsa,
Tsinin burushi a tsakiyar layi, gwiwar hannu a sama, ba a ƙasa.
Wanda ya fizga da yatsu, layinsa zai fito ba laka a jikinsa.
Rubutun hatimi na dā ya ƙware a kai, can ya samo ƙarfinsa.
A 1917 ya sauka Beijing, kasuwa ta juya baya ga zanensa,
Mai zane Chen Shizeng ya ce masa ya sake salo, ya kuwa ji ta abokinsa:
Jan fure jawur, ganye baƙi, yana haye hamsin a shekarunsa.
Har ya rasu a 1957 bai ajiye burushinsa.

Malam Mai Tawada:
Saura hatimin dutse, inda kafintan ke fitowa.
Wasu yanka biyu suke wa layi, suna gogewa;
Shi tura wuƙa ɗaya, gefe guda sumul, ɗayan na ɓarɓashewa.
A juye ake sassaƙa harafi, a takarda yake miƙewa.
A dangwala jan kwaɓi a hankali, a danna tsaye, ba girgizawa,
In hannu ya motsa kaɗan, layi biyu ke fitowa.