Agogon gudun motar da na haɗa yana nuna 46 alhali ina kan 60

Mai tambaya:
Assalamu alaikum manyanmu. Shekara biyu ke nan ina haɗa wata 'yar mota mai kujera biyu a garejina, irin wadda ake sayen ƙarafunanta a zube mutum ya ɗaura da kansa. Tayoyin baya ne ke ja, giyan baya na Ford Sierra ne mai 3.92 (wato farfela, sandar da ke kai juyi zuwa giyan baya, tana juyi 3.92 kafin taya ta yi ɗaya), tayoyin kuma 195/50 R15. Na saka dashbod na dijital. Sensar gudun mai waya uku ce, na manna maganaɗisu huɗu a jikin farantin farfela, sensar tana kallon su.

Abu uku ke damuna. GPS na wayata yana nuna kilomita 60 a awa, agogon yana nuna 46, lambar ma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Idan na taka totur motar tana tsaye, sai ya riƙa nuna 12, 30, ya koma sifiri. Idan kuma na haura 90, yakan ɗauke gaba ɗaya na ɗan lokaci. Adadin bugun (siginar da sensar ke aikawa duk giftawar maganaɗisu) da na shigar masa shi ne 8,665 a kilomita. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don shi kaɗai ya rage. In sayi sabuwar sensa ne?

Riwaya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kada ka sayi komai tukuna. Dubi lambobinka: 46 cikin 60 ai kusan kashi uku cikin huɗu ne. Maganaɗisu huɗu ka manna, sensar uku take gani. Yawancin sensa irin ta Hall, wato mai jin maganaɗisu irin taka, fuskar maganaɗisu guda kawai take ji, galibi ta kudu, ɗayar fuskar kuwa sai ta wuce ta gabanta kamar ba a yi ba. Ina kyautata zaton ka kifa ɗaya lokacin mannawa. Rawar da lambar ke yi ma daga nan take, domin bugu uku na zuwa a jere sannan a sami giɓi.

Gwajin ba wuya. Ɗaga bayan motar ka ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, kada ka shiga ƙarƙashinta da jak kaɗai. Cire giya, kunna makulli ba tare da ka tada inji ba, ka sa mitar awon wuta tsakanin wayar sigina da at (wato negatif, ƙarfen jikin mota). Juya farfelar da hannu a hankali zagaye ɗaya, ka ƙirga sau nawa wutar ta faɗi ƙasa. In uku ka samu, ɗauki wani maganaɗisu ka kusanta shi da kowanne da fuska ɗaya. Wanda ya saɓa wa 'yan'uwansa, shi ne.

Ɗan tsere:
Ni da ni ne, da na cire duk wannan na sa agogo mai GPS. Ba maganaɗisu, ba lissafi, ko ka canza taya ba ruwansa.

Riwaya:
Yana da daɗin sha'ani, gaskiya ne, amma yana ɗaukewa a hanyar ƙarƙashin ƙasa, yana jinkirin kama tauraro da farkon tashi, kuma yana biyo bayan gudun idan ka taka birki da ƙarfi. A bar shi ya zama abin gwada na jikin motar.

Injiniya:
Maganar Oga Riwaya ta warware matsala ta farko. Ta biyun ce ta fi jan hankalina, domin motar da ke tsaye ba ta da bugun da za ta aika. Abin da dashbod ɗin ke ƙirgawa hayaniyar lantarki ce daga koyil da wayoyin fulogi. Malam, ta ina wayar sensar ta bi? In ka ɗaure ta tare da wayoyin inji, raba su.

Akwai kuma abin da masu haɗa mota ke yawan tsallakewa. Da yawa cikin waɗannan sensoci ba sa tura wuta a wayar sigina, abin da suke yi kawai shi ne jan ta zuwa at duk lokacin da maganaɗisu ya gifta. Tsakanin bugu da bugu dole a sami rizista (ɗan kayan lantarki mai rage gudun wuta) da ke riƙe wutar wayar a sama. In babu ita, wayar tana lilo ne kamar eriya, duk ƙarar da ta zo sai ta kwasa. Zare sensar ka auna wayar siginar daga ɓangaren dashbod. In ka ga wajen bolt 5 ko 12, rizistar tana ciki. In ba ka ga komai ba, sa mai 4.7k (om 4,700) tsakanin sigina da wutar da ke ciyar da sensar, bayan ka duba takardar dashbod ɗin ka tabbatar ƙofar siginar tana ɗaukar wannan wutar.

Sannan ka yi amfani da waya mai rigar saƙar ƙarfe, ka haɗa rigar da at a ɓangaren dashbod kaɗai, ɗaya bakin ka bar shi. At ɗin sensar ma ya dawo inda na dashbod yake, kada ka ɗaure shi a ƙarfen da ya fi kusa don sauƙi.

Baba mai walda:
Yaro, da me ka yi mariƙin sensar, kuma nawa ne tazararta da maganaɗisun?

Mai tambaya:
Baba, falange ne siriri na lanƙwasa, na ɗaure a jikin shasi. Tazarar za ta kai milimita 6.

Baba mai walda:
To ga ɗaukewarka nan ta sama da 90. Falangen yana kaɗawa, tazarar da ma ta yi yawa. Yi sabon mariƙi da ƙarfe mai kaurin milimita 3, gajere, ka ɗaure shi a jikin kaskon giyan bayan domin su riƙa motsi tare da farantin. Rage tazarar zuwa milimita 2 ko 3. Kuma ban yarda da gam kaɗai ba. A gudun 100 farfelarka tana juyi sama da 3,600 a minti. Ka ɗan huda musu gurbi su zauna ciki, tazararsu daidai wa daida, kafin ka sa gam.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na dawo da labari. Bugu uku na ƙirga, maganaɗisu ɗaya a kife yake kamar yadda Oga ya ce. Rizista babu, na sa, na canza wa wayar hanya, tsalle-tsallen ya daina. Da sabon mariƙin Baba na kai 110 bai ɗauke ba. Saura abu ɗaya: yanzu 62 yake nunawa a kan 60, 103 a kan 100.

Injiniya:
Madalla. Wannan daga lissafin takarda ne. Kewayen tayarka a rubuce milimita 1,810 ne, wanda ya ba ka juyi 552.6 a kilomita, sau 3.92, sau 4, shi ne 8,665 ɗinka. Amma taya tana ɗan lotsewa idan nauyi ya hau ta, sai kewayen da take birgima a kai ya ragu. Cika iska daidai, ka zauna a ciki, wani ya yi alama da alli a taya da ƙasa, a tura motar juyi 10, a auna da tef a raba goma. In ka sami wajen 1,760, adadin da ya dace ya kusa 8,910.

Riwaya:
Ni dai shawarata kada ka matse shi har ya zo cif. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 39, wadda ƙasashe da yawa ke bi, ba ta yarda agogo ya nuna ƙasa da ainihin gudu ba ko kaɗan, amma ta bar shi ya haura da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4 a awa. Kenan 103 ɗinka tana ciki sosai. Illarta kawai, ma'aunin nisan tafiya zai riƙa ƙara maka kusan kilomita 3 a kowace ɗari. In hakan ya dame ka, sa 8,820, zai nuna 101. Ka kuma sake gwadawa ranar da ka canza tayoyi, don sabuwa ta fi wadda ta cinye faɗin kewaye.

Mai tambaya:
Na auna da alli, 1,762 na samu. Na sa 8,820 ɗin, gobe in sha Allah zan gwada shi a 40 da 80 da 100 in kawo muku lambobin.