Neman shawara: ta yaya zan koya wa yarana Triniti (Allah ɗaya: Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki) a gida?

Wata uwa a Riyad: Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina da yara biyu, 'yar shekara 6 da ɗan shekara 4. Kun san nan babu majami'a balle makarantar Lahadi, Lahadin ma ranar aiki ce, sai Juma'a muke sujada a falo. Babbar ta dawo daga makaranta tana cewa ƙawarta ta ce alloli uku muke bauta wa. Na ce Allah ɗaya ne, sai ta ce to me ya sa muke kiran Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki? Ta ina zan fara?

Wani dattijo a Jidda: 'Yata, fara daga inda Yesu ya fara. A Markus 12:29, da aka tambaye shi umarni mafi girma, cewa ya yi Ubangiji Allahnmu ɗaya ne. Wannan ya zauna mata daram tukuna. Sannan ki ba ta labarin baftismar Yesu a Kogin Urdun, Matiyu 3:16-17: Ɗa yana fitowa daga ruwa, Ruhu yana saukowa kamar kurciya, muryar Uba tana fitowa daga sama. Duka a lokaci guda. Yaro ya fi riƙe labari. Ki guji misalin ruwa da ƙanƙara da tururi da ake yawan bayarwa, don yana sa yaro ya ɗauka Uba ne ya rikiɗa ya zama Ɗa, kuma ba haka ikkilisiya ta koyar ba.

Wata malamar makaranta: Gaskiya Baba ya faɗa. Ni a addu'ar kwanciya nake koya wa nawa: mu gode wa Uba da ya halicce mu, mu gode wa Yesu da ya cece mu, mu roƙi Ruhu ya zauna da mu. Sai mu rufe da albarkar 2 Korintiyawa 13:14. Ƙaramin ma zai iya.

Maman 'yan biyu: Yaya, ki kuma ja kunnenta kada ta yi gardamar addini a makaranta. Ta ce Allah ɗaya muke bauta wa, ta ci gaba da wasanta da ƙawar.

Uwar: Na gode ƙwarai. Baba, in ta tambayi yadda Allah ya yi ɗa fa?

Dattijon: Ki ce mata ba haihuwa irin ta aure ba ce. Tun fil'azal Ɗa yana tare da Uba. Ku karanta Yohanna 1:1 ranar Juma'a.