Tsohon ƙaramin jet: ya dace da zirga-zirgar Kumasi zuwa Kano?

Ɗan Aboabo: Salam jama'a. Kawuna na harkar kaɗanya da kashu, duk wata yana Tamale, Wagadugu, wani lokaci har Kano. An kawo mai tallan ƙaramin jet Citation Mustang na hannu, ƙirar 2010, ya ce in bincika. Mu 6 muke tafiya da kaya. Wa ya taɓa mu'amala da irinsa?

Hajiyar Nima: Mu dai jirgin kamfanin Africa World muke hawa, Accra zuwa Kumasi minti 40, ba ciwon kai.

Ɗan Aboabo: Hajiya Kano nake magana ai.

Baba Alabar: Yaro ka ce wa Alhaji ya riƙe kuɗinsa. Shekara 4 na yi wa wani maigida aiki, ya sayo jet daga Amurka ana ta Allah sa albarka, wata 7 kacal wani ƙarfe ya lalace a ƙafar sauka, babu shi a Ghana, sati 9 jirgi na kwance a filin jirgin Kotoka na Accra ana biyan kuɗin ajiya, direbobi biyu na karɓar albashi da dala suna zaune gida, mu kuma namu albashin ya tsaya. Ranar da ya tashi kuma aka ce lokacin duba inji ya yi, sai Afirka ta Kudu. Har yau ina bin bashin wata 3, na bar shi da Allah.

Mai Goro: Allah sarki Baba. Nawa ma ake sai da shi? Na ji ko dala miliyan 1 bai kai ba.

Injiniya Mamobi: Wancan sai tsoffin Citation II na shekarun 1980. Mustang mai lafiya ka shirya wajen miliyan 2. Kuma kujera 4 ne a baya, ku 6 ba inda za ku. Nisa ba matsala, Kano kamar kilomita 1,250 ne daga Kumasi, zai kai. Amma an daina ƙera shi tun 2017, kuma injinsa awa 3,500 ake kwance shi gaba ɗaya, ka tambayi awa nawa ya ci kafin komai. Ni da King Air 350 zan ce, farfela ne amma ya fi ɗaukar kaya.

Baba Alabar: Injiniya kai a takarda ka sani, ni a jikina na ji.

Injiniya Mamobi: Baba da girmanka, naku ba a duba shi ba aka saya, wannan ba laifin jirgi ba ne.

Sarkin Zolaya: Ku saya mana, ni zan yi kwandasta. Tamale! Tamale! Saura mutum ɗaya!

Mai Goro: Hhhh. Lokacin hazo fa? A Janairu ko manya ma fasa sauka suke a Kano.

Hajiyar Nima: Duk hanya ce ta jawo wannan. Accra zuwa Kumasi kilomita 250 amma ranar Juma'a awa 8 muka yi a bas, daga Ofankor zuwa Nsawam kaɗai sai da na yi azahar da la'asar.

Baba Alabar: Nkawkaw fa? Can tayarmu ta fashe bara.

Ɗan Aboabo: To jama'a izinin sauka Wagadugu fa, tunda Burkina Faso ta fita ECOWAS a 2025 ya abin yake?

Sarkin Zolaya: Hajiya wane bas kika hau, in guje shi.